Kafin lakwal ta zo Gabi, wa ke koya wa yara karatu?

A ƙarshen zangon farko na bara na tara iyayen ɗalibaina na ajin CE2, wato shekara ta huɗu a firamare, don in gaya musu abin da ke damuna. Yara sittin da ɗoriya ne a gabana, amma waɗanda za su iya ɗauko jimla guda su kai ta ƙarshe ba tare da sun tsaya suna kallon bakina ba, yatsun hannu biyu sun ishe ni ƙirga su. Na roƙi iyaye su kama mini a gida. Sai wata dattijuwa mai riƙon jikanta ta ce, "Mushe, mu me za mu yi? Ai mun ba ku su. Ni ko sunana ban iya rubutawa ba."

Na ce, "Inna, ba ki yi allo ba?"

Ta ce, "Na yi mana, izu biyar na kai kafin a yi mini aure. Amma wannan ai ba shi ne karatun da kuke nufi ba."

Maganar nan tata ita ce dalilin wannan rubutu. Matar da ta san baƙi da wasali, wadda ta yi shekaru tana haɗa harafi da harafi, tana zaune a gabana tana lissafa kanta cikin jahilai, kuma babu wanda ya musa mata a wurin. Ba haka kawai aka wayi gari iyayenmu suka yarda cewa karatun yaro ba ruwan gida ba. Abin yana da tarihi, kuma tarihin bai wuce shekara ɗari da ƴan kai ba.

Mu nan Gabi da sauran garuruwan gulbin Maraɗi, Katsinawa ne. Tun a ƙarni na 17 Birnin Katsina yana da malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, waɗanda suka yi rubuce-rubuce ana zuwa ɗaukar karatu wurinsu daga nesa. Da jihadi ya ci Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819, mutanen da suka biyo su ba takobi da dawaki kaɗai suka zo da su ba, sun zo da allo da tawada da gafaka. Kakanninmu sun daɗe suna gwabzawa da Sakkwato, amma allon yaron Maraɗi da na yaron Wurno iri ɗaya ne.

Abin lura a tsarin allo shi ne a ina ake yin sa. A zaure ne, ko a tsakar gida, ko a gindin bishiyar ƙofar gida. Malamin maƙwabci ne, wani lokaci baffan yaron ne ko mahaifinsa. Da asuba a yi, da yamma a yi, da dare a hura wutar kara a zauna kewaye da ita. Yaro yakan rataya allonsa ya koma da shi ɗakin uwarsa, kuma uwar ta san inda yake, domin karatun da ƙarfi ake yin sa, kowa a gidan yana ji. In ya yi kuskure yayarsa da ke daka za ta gyara masa ba tare da ta ajiye taɓarya ba. Ranar Laraba a ba shi kuɗin laraba ya kai wa malam. In ya kai wata sura ta musamman a yi sadaka, in ya sauke a yi walima, dangi su taru. Gida yana cikin karatun tun daga wankin allon farko har zuwa sauka.

A matsayina na wanda ya zauna a Ekol Normal aka koya masa dabarun koyar da karatu, abin da ya fi burge ni shi ne jerin matakan. Ana farawa da sauraro da maimaitawa, yaro yana biya gajerun surori da ka tun bai san harafi ba. Sannan babbaƙu, wato sanin baƙaƙe tsirara. Sannan farfaru, inda ake ɗora wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri, yaro ya koyi haɗa gaɓa. Sai bayan nan ya fara tafiya da kansa. Abin da littattafan horon malamai ke bayani da manyan kalmomin Faransanci ke nan: kunne tukun, sannan harafi, sannan gaɓa, sannan kalma. Kuma dubi hikimar sunayen da aka raɗa wa baƙaƙen Larabci da Hausa: ba guje, ha ƙuri, lam ara, mim jaye, an baki wofi. Kowane suna yana zana wa yaro surar harafin da harshen da yake ji. Harafin baƙo ne, amma an yi masa suna na gida.

Ba ina cewa tsarin ba shi da aibu ba ne. Bulala ta yi yawa, yaro yakan yi shekaru yana karanta abin da bai san ma'anarsa ba, ƴan mata kuma akan cire su tun ba su yi nisa ba, kamar dattijuwar da na ambata. Su kansu malaman da can sun ga wannan. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, cikin ƙasar da yau take Nijar, a wurin mahaifinsa ya karanci Alƙur'ani, kuma a littafinsa Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin duhu. Ƴarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta mai da wannan magana aiki. Ta naɗa jajoji, mata dattawa da ake ba malafa alamar izini, suna jagorantar ƴan taru daga ƙauyuka su zo wurinta su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su koyar a cikin gidaje. Dabararta ita ce a bi ta hannun uwa da kaka, domin su ne ke tare da yaro sa'ad da malam ba ya nan.

Irin wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi ba. A Suwidin, dokar coci ta 1686 ta ɗora wa kowane maigida nauyin koya wa mutanen gidansa karatu. Limamin coci yakan zaga gida-gida yana jarraba yara da manya, yana rubuta matsayin kowa a kundi. Kafin a kafa dokar makarantar kowa da kowa a 1842, yawancin Suwidawa maza da mata sun riga sun iya karanta littafi, ko da yake kaɗan ne suka iya rubutu. Manoma ne matalauta masu fama da sanyi kamar yadda muke fama da fari, kuma karatunsu na addini ne kamar namu. Bambancin shi ne da makarantar gwamnati ta zo musu, da harshensu ta zo, da haruffan da iyayensu suka sani. Ta ɗora ne a kan abin da ta tarar.

Tamu kuwa ba haka ta zo ba. Da aka ja iyaka tsakanin Faransa da Ingila a farkon ƙarni na 20, Katsina ta faɗa kudu mu muka faɗa arewa, sai makomar karatun yaranmu ta rabu biyu. A can, Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909 kuma da Hausa ake fara koyarwa. Hukumar fassara da talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. Magana Jari Ce ya biyo baya, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Turawan Ingila ba don ƙaunarmu suka yi ba, kuma sauya ajami da boko ya mai da dubban masu karatu jahilai a idon hukuma dare ɗaya. Amma dai an samu abu guda: yaro zai iya dawowa gida da littafi ya karanta wa kakarsa labari ta yi dariya.

A ɓangarenmu lakwal Faransanci zalla ce tun daga ranar farko, kuma taron Brazabil na 1944 ya sake jaddada cewa ba za a koyar da harsunan gida a aji ba. Ɗaukar yara ma da ƙarfi ake yi, a aiko wa sarki adadin da ake so, shi kuma ya nemo su. A gidanmu har yau ana ba da labarin yadda aka ɓoye wani kawuna a cikin rumbu yini guda, ranar da masu rubuta suna suka shigo gari. Wanda aka kama ya tafi wani wuri da iyayensa ba su taɓa shiga ba, ya riƙe littafin Mamadou et Bineta da ba wanda zai iya duba masa a gida, ya dawo yana furta kalmomin da uwarsa ba ta san ko daidai ne ko kuskure ba. Yayar nan mai gyara karatu daga bakin turmi, aikinta ya ƙare. Ko da aka samu mulkin kai a 1960, yaran da ke lakwal a Nijar ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba.

Ni kaina na tarar da sambol. Wani ƙashi ne aka huda aka sa wa igiya, duk wanda aka ji ya yi Hausa sai a rataya masa, shi kuma ya yi ta kasa kunne ya kama wani ya sauke a kansa, wanda ya kwana da shi ya sha duka. Abin da yaro ɗan shekara bakwai ke koya daga wannan a fili yake: harshen da uwarka ke yi maka magana da shi laifi ne a wurin ilimi. Uwar ma ta ji saƙon, ta ja da baya. Wannan shi ne asalin "ai mun ba ku su".

Shugabannin farko ba su jahilci matsalar ba. Diori Hamani malamin makaranta ne, ya koyar a Maraɗi, har ya je Paris yana koya wa Turawa masu shirin zuwa mulki Hausa da Zabarmanci. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka a 1964 yana kira da a koyar da yara da harsunansu. An kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya a 1963. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya tsara haruffan rubuta Hausa da wasu harsunan yankin, aka fara buga ƙananan jaridun karkara irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii. Mai karatu zai lura da ninka wasali a sunayen nan, haka ake rubuta Hausa a Nijar a lokacin, sai a taron Yamai na 1980 aka daidaita da rubutun Najeriya. Sai dai an yi wani abu mai ban mamaki: uba yana koyon karatu da Hausa da dare a ajin manya, ɗansa yana koyo da Faransanci da safe, ƙaninsa yana kan allo da Larabci. Karatu uku a gida ɗaya, babu wanda ke taimakon wani.

A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa sannan a shigo masa da Faransanci sannu a hankali. Daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna yaran waɗannan makarantu sun fi takwarorinsu iya karatu, kuma ba su kasa su a Faransancin ba. Duk da haka sun shafe shekara fiye da talatin ana kiran su gwaji. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, a Maris 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Na yi murna, amma doka ba ta buga littafi, kuma ba ta sa shi a hannun yaron Gabi.

Alƙaluma ba su yi mana daɗi ba. A binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, yaran Nijar da suka kai matakin da ake bukata a karatu a ƙarshen firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba. Burundi, ƙasar da ba ta fi mu arziki ba amma take fara koyarwa da harshen Kirundi, ita ce kan gaba a ƙananan azuzuwa. A 2019 mun ɗan ɗaga, amma har yanzu mafi yawan yaran ba su kai ba. Ga kuma abin da mu malaman karkara muka sani: ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, don haka shekarar da aka ce ta fara a Oktoba takan ci makonni kafin ta fara da gaske. Ƙauyukan da ke bakin dajin Baban Rafi kuwa, in ƴan bindiga suka tayar da gari, yaro yakan yi watanni bai ga allon bango ba. Duk lokacin da lakwal ta tsaya, abin da ya rage wa yaro shi ne gida.

Akwai wani abu da ya faru a gabanmu wanda hukuma ba ta shirya ba. Daga shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano suka fara tsallako iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa, na Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino. Malamai da yawa sun raina su. Ni dai na ga yayata, wadda aka cire daga lakwal a aji uku, ta koma ta haɗa baƙaƙenta da kanta don kawai ta san yadda labari zai ƙare, kuma da dare matan gidanmu sukan kewaye ta tana karanta musu a gaban fitilar ƙwai. A gefen tabarmar nan na fara gane cewa baƙaƙen da nake wahala da su a lakwal suna iya yin Hausa, suna iya sa mutum dariya ko kuka. Ban taɓa jin haka a aji ba.

To me ya rage a hannun iyaye yau? Abu na farko ba ya bukatar harafi ko ɗaya. Tatsuniya da kacici-kacici da karin magana su ne ke cika wa yaro rumbun kalmomi, su koya masa cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, ya iya hasashen abin da Gizo zai yi kafin a faɗa. Yaron da aka saba tambaya "me ya sa Ƙoƙi ta yi haka?" shi ne gobe zai fahimci abin da ya karanta. Yanzu waya ta cinye wannan lokacin, kowa ya sunkuya a kan tasa bayan sallar isha'i. Har zaurance, da muke korar yara in suna yi, horo ne babba, domin wanda ya iya juya "tasha" ta koma "shata" ya riga ya gane cewa kalma gaɓoɓi ce da ake iya rabawa a sake haɗawa, kuma rabin koyon karatu ke nan. Haka wasan bambance kafa da ƙafa, baki da baƙi, gaba da gaɓa.

Sannan rubutu ya fi yawa a gidajenmu fiye da yadda muke zato. Akwai shi a buhun taki, a gwangwanin tumatir, a katin rigakafi, a sunayen da ke cikin waya. Miƙa wa yaro wayar ka ce ya nemo maka sunan kawunsa ya fi masa amfani a kan jimla goma da zai kwafa daga allon bango, domin ya ga karatunsa ya biya wata bukata. Wanda ya yi allo kuma ya ɗauko takardar naira dubu, da ke yawo a kasuwanninmu kamar sefa, ya nuna wa yaro ajamin da ke jiki, ya gaya masa cewa wannan ma Hausa ce. Wa ko ya da ke CM2 ko kwaleji a ba shi aikin sauraron ƙaninsa na ɗan lokaci kullum, ya karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji, kamar yadda ake yi da allo. Abu ɗaya nake roƙo: a ajiye bulala. Yaron da ke jin tsoro ba ya karantawa, canka yake yi.

Mu malamai ma da namu laifin. Mukan kira iyaye ne kawai in ana neman kuɗi ko kara, ko in yaro ya yi laifi, kuma mu yi musu magana da Hausar da rabinta Faransanci ne. Tun bayan taron nan na fara rubuta gajerun labarai na jimla biyar ko shida da Hausa a takarda, in ba kowane yaro ya je ya karanta wa wani babba a gida, babban ya dangwala yatsa a baya in an yi. Ba duka ke dawowa ba, wasu akuya ta ci, wasu an ƙunshe ƙuli-ƙuli da su.

Jikan dattijuwar nan yana cikin masu rikita b da d, ya yi shekara uku yana juya su. Wata safiya na ga ya karanta "baba" da "dada" a jere bai yi tuntuɓe ba, na tambaye shi wa ya nuna masa. Ya ce kakarsa ce ta sa shi ya zana mata su a ƙasa da tsinke, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ɗaya mai ciki ce, ɗaya mai goyo. Ta raɗa wa ɓ da ɗ da ƙ suna su ma, ta ce masu lanƙwasa ne a ka kamar sandar makiyayi. Makon jiya ta aiko shi da tambaya: wane harafi ne wannan mai kama da ludayi a tsaye, da take gani a takardunsa na Faransanci amma ba ta taɓa ganin sa a labaran da nake aiko musu ba? Harafin p take nufi, kuma har yanzu ba ta yanke sunan da za ta ba shi ba.